Ko Kun Sani? Rufin Motar da Ke Naɗe Kansa

Ko kun san cewa wani likitan haƙori ɗan Faransa, Georges Paulin, shi ya ƙirƙiro rufin mota na ƙarfe mai naɗe kansa ya shige but? Kamfanin Peugeot, wanda muke kira Fijo, ya sayi fasahar, ya fito da 402 Eclipse a 1935.

A motoci da yawa masu irin wannan rufi, lantarki ne ke juya famfo, famfon ya tura mai cikin silinda, su ɗaga rufin. Ƙananan makunnai ne ke shaida wa kwamfutar motar inda kowane sashe yake. Guda ɗaya ya ƙi aiki, rufin ya tsaya cak, ko da injinsa lafiya lau. Shi ya sa ƙwararren bakanike ba ya gaggawar kwance famfo. Batir yake fara aunawa, sannan fis, ya leƙa ko but ya rufu ruf. Sai daga baya ya shafa ƙarƙashin kafet, ya ga ko mai zai maƙale masa a yatsa, alamar yana yoyo.

Mai irin wannan mota a Utaibiyya ta Makka sai ya ƙara lura. A Yunin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami. Rana irin wannan tana busar da robar da ke tare mai har ta tsage, ƙura kuma ta cushe gaɓoɓin ƙarfen. Idan rufin ya cije rabin hanya, a daina danna maɓallin, don famfon na iya ƙonewa. Motoci da yawa suna da hanyar rufe shi da hannu, littafin motar ya yi bayaninta.