Maltina da madara, zoɓo da shayi: me ke ƙara jini da gaske?

Mace mai ciki ta dawo daga awo a Gaya ko Ajingi, an ce mata jininta ya yi ƙasa. Tun kafin ta ajiye mayafi shawarwari sun fara zuwa: a haɗa mata Maltina da madarar gwangwani, ta riƙa shan zoɓo, a fasa mata ɗanyen ƙwai. Masu ba da shawarar don ƙauna suke yi, kuma matsalar gaskiya ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa kashi 68. Sai dai ba duk abin da ya shiga ciki ne hanji ke tsotsa ya kai jini ba, kuma masana suna da hanyar auna wannan.

Ga yadda suke yi da sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke buƙata wajen yin jini. Sukan zuba wani nau'in sinadarin ƙarfe mai alama, wanda ba ya cutarwa, a cikin abinci, mutum ya ci. Bayan kwana 14 sai a ɗebi jininsa a duba nawa ya shiga ƙwayoyin jini. Da irin wannan awo aka gano cewa daga ƙarfen nama da hanta da kifi jiki yakan ɗauki kashi 15 zuwa 35, daga na hatsi da ganye kuwa kashi 2 zuwa 20 kacal. Hukumar Lafiya ta Duniya da ta Abinci sun ƙiyasta cewa wanda cimarsa kusan hatsi ce zalla kashi 5 yake samu daga ƙarfen da ya ci, wanda yake haɗawa da nama da 'ya'yan itace kuwa yakan kai kashi 15. Ninki uku ke nan.

A ƙasar gero da dawa da wake irin Gaya da Ajingi, wannan lissafi na kowane gida ne. Gero yana da ƙarfe, wake ma haka, amma dukansu suna ɗauke da wani sinadari, fayitet, wanda yake riƙe ƙarfen ya hana hanji kama shi. Jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami suna rage wannan sinadari. Saboda haka matar da ta jiƙa gero ya kwana, ta niƙa, ta tace, ta bar gasara ta yi tsami kafin ta dama koko, ta yi aikin da kimiyya ta yarda da shi. Masu cewa koko ruwa ne kawai sun yi gaskiya a wuri ɗaya: idan an tsinka shi da yawa bai ƙosar da yaro ba, sai an ƙara masa gyaɗa ko waken suya.

Maltina da madara fa? Suna ba da kuzari saboda sukari da maiƙo, madara kuma abinci ce mai kyau. Amma ƙarfen da ke cikin wannan haɗi bai taka kara ya karya ba, kuma kalsiyam na madara yana rage tsotsar ƙarfe idan an sha su tare. Kuɗin da za a kashe a kansu, da tsiren hanta aka saya da ya fi.

Zoɓo kuwa jan launinsa ne ya ja masa suna. Launin na furen ne, ba shi da alaƙa da jini.

Maganar cewa shayi yana rage tsotsar ƙarfe ita ce mutane suka fi musantawa, alhali ita ce ta fi tabbata. A 1982 masu bincike biyu a Suwidin, Hallberg da Rossander, sun ba mutane abinci iri ɗaya da abin sha daban-daban. Shayi ya rage tsotsar ƙarfe da kashi 62, ruwan lemon zaƙi ya ƙara ta da kashi 85. Ba a ce a daina shan shayi ba, kuma namiji lafiyayye mai cin nama ba shi da abin damuwa. Mai ciki da mai shayarwa da ƙaramin yaro su ne ya kamata su raba shayi da abinci, ko da da awa ɗaya ne, kuma kada su kora maganin ƙarin jini da shi.

Abin da ya sa lemo ya yi wannan aiki shi ne bitamin C, kuma ba sai an je birni nemansa ba. Gwaiba tana da shi, da ɗanyen tumatir, da garin ƙwallon kuka. Dogon dafuwa da kanwa suna lalata shi, don haka kwaɗon zogale da aka yanka wa tumatir aka matsa wa lemon tsami ya fi ganyen da ya daɗe yana tafasa a tukunya. Ƙuli-ƙuli da man da ake zubawa a kwaɗon ma suna da aikinsu, domin sinadarin ganye da jiki ke mayarwa bitamin A sai da maiƙo yake shiga sosai.

Ɗanyen ƙwai kuwa asara ce. Wani bincike a Beljiyam a 1998 ya nuna jiki ya narkar da kusan kashi 51 na furotin ɗin ɗanyen ƙwai, na dafaffe kuwa kusan kashi 91. Ga kuma haɗarin ƙwayoyin cuta.

Akwai abin da abinci kaɗai ba zai gyara ba. Zazzaɓin cizon sauro yana fasa ƙwayoyin jini, wasu tsutsotsin ciki suna shan jini ta hanji, kuma jikin da ke fama da cuta yakan rage tsotsar ƙarfe da kansa. Sikila ma tana kawo ƙarancin jini wanda ba na rashin ƙarfe ba ne, shi ya sa bai kamata a sha maganin ƙarin jini da ka ba. Maigidan da matarsa ko yaronsa ya ɗashe, tafin hannu ya yi fari, ya kai su asibiti a gwada jini. Mai ciki kuma ta ci gaba da shan ƙwayoyin da aka ba ta a wurin awo kullum, da ruwa, ko da ta ji ta warware.