Lokacin Shuka Kayan Lambu a Ƙasashe Masu Tsananin Sanyi

Manomin ƙasar Hausa ruwan sama yake jira kafin ya sa iri a ƙasa. Mai lambun gida a birnin Winnipeg na lardin Manitoba, a ƙasar Kanada, shi kuwa wucewar sanyi yake jira. A can hunturu yakan daskarar da ƙasa ta yi tauri kamar dutse, ƙanƙara ta lulluɓe ta wata da watanni. Ko bayan ta narke, akwai dararen da sanyi ke sauka zuwa digiri 0 a ma'aunin Selsiyus, raɓa ta daskare a kan ganye. Ruwan da ke cikin ganyen shi ma sai ya daskare ya farfasa ƙwayoyin halittarsa, gari na wayewa a tarar da tumatir ya yi baƙi ya langaɓe. Dare ɗaya tak ya isa ya cinye wahalar wata biyu.

Saboda haka ranaku biyu ne ginshiƙin lissafin mai lambu: ranar da aka saba ganin daskararriyar raɓa ta ƙarshe, da ranar da take dawowa. A Winnipeg ta farkon tana faɗawa wajejen ƙarshen watan Mayu, ta biyun kuma bayan tsakiyar Satumba. Ke nan abin da ke tsakani bai wuce kimanin kwana 120 ba. Tumatir da tattasai, idan aka ƙidaya tun daga ranar da aka binne irinsu, ba za su nuna a wannan ɗan taƙin ba. Dabarar da aka samo ita ce a ranto makonni daga hunturu, wato a fara renon iri a cikin ɗaki tun waje yana fari fat da ƙanƙara.

Lissafin da baya-da-baya ake yin sa. Tumatir yana buƙatar reno na mako 6 zuwa 8 kafin dashe, don haka a farkon Afrilu ake shuka shi. Tattasai da attaruhu sun fi shi nawa, sukan ci mako 8 zuwa 10, sai a fara da su a watan Maris. Albasa ta riga su duka. Ana zuba irin a ƙananan tukwane, a ajiye inda ɗumi ya kai digiri 21 zuwa 27, idan ya tsiro a rataya masa fitila ta haskaka shi awa 14 zuwa 16 kullum, domin hasken taga ba ya wadatarwa. A nan ne zumuɗi ke cutar da sababbin shiga. Wanda ya gaji da zaman hunturu ya shuka tumatir tun a Fabrairu, zai wayi gari da tsirrai dogaye sirara, saiwarsu ta cika tukunya ta nannaɗe, ga shi kuma babu halin fitar da su. Sau da yawa wanda ya makara da mako biyu yakan fi shi samun amfani.

Ba kowane iri ke buƙatar wannan hidima ba. Latas da karas da waken fis suna jure sanyi, ana shuka su kai tsaye da zarar ƙasa ta narke ta tsane, makonni kafin raɓar ƙarshe. Karas ma ba ya son dashe. Masara da wake da kabewa kuwa sai ƙasa ta yi ɗumin da ya kai digiri 15 ko fiye, in ba haka ba irin ya ruɓe a rami. Tafarnuwa ita tata hanyar daban ce: a watan Oktoba ake binne ta, ta kwana a ƙarƙashin ƙanƙara, ta tsiro idan ɗumi ya dawo.

Tsiron da ya tashi a ɗaki bai san rana da iska ba, saboda haka akan ɗauki kwana 7 zuwa 10 ana fitar da shi na ɗan lokaci, ana ƙara masa awoyi sannu a hankali, kafin a dasa shi. Bisa al'ada mutanen Kanada da yawa sukan yi dashe a hutun Ranar Biktoriya, wato Litinin ɗin da ke gabanin 25 ga Mayu. Sai dai ranar raɓar ƙarshe matsakaicin lissafi ne na shekaru masu yawa, ma'ana a kusan rabin shekarun sanyin yakan zarce ta. Wannan ya sa masu lambu da dama a Winnipeg suke riƙe tumatir da tattasai har farkon Yuni, kuma ko sun dasa sukan ajiye tsofaffin zannuwa a kusa, su rufe shukar da yamma duk daren da sama ta yi garau iska kuma ta kwanta.