Ramen a Fim ɗin Barkwanci: Yadda Abincin Lebura Ya Zama Abin Alfaharin Japan

Ramen taliya ce da ake ci cikin romo mai zafi, kuma asalinta daga 'yan China mazauna biranen bakin teku irin su Yokohama ne. Bayan yaƙin duniya na biyu shinkafa ta yi wuya a Japan, Amurka ta shigo da alkama, rumfunan ramen suka cika bakin titi. A 1958 Momofuku Ando ya ƙirƙiro busasshiyar taliyar da ruwan zafi kawai take buƙata, wadda ita ce kakar Indomie. Saboda haka a wancan zamanin, a idon Bajapane ramen abincin direba ne da lebura.

Wannan ƙasƙancin ne ya sa ta dace da barkwanci. A fim ɗin Tampopo na 1985, darakta Juzo Itami ya kawo wata bazawara mai shagon ramen da ba ya ciniki, da direban babbar mota, Goro, wanda ya ɗauki aniyar gyara mata romonta. Yana auna lokacinta da agogo kamar 'yar wasan tsere. Akwai kuma dattijon da ke koya wa saurayi ya fara kallon kwanon, ya shafa yankan naman da tsinken cin abinci kafin ya kai baki. Dariyar tana fitowa ne daga girmama abin da kowa ya raina, a ƙasar da ta san darajar gwaninta a sana'a.

Fim ɗin ya zo daidai lokacin da arzikin Japan ya bunƙasa, mutane suna tafiya takanas don ɗanɗanar romon miso na Sapporo ko romon ƙashin alade na Hakata. Ya ƙara wa wannan sha'awar armashi, ya kuma gabatar da ramen ga 'yan kallo a Amurka da Turai. A 1994 aka buɗe gidan tarihin ramen a Shin-Yokohama, a 2008 kuma fim ɗin The Ramen Girl ya bi sawu.

Sai dai ɗaukakar ta zo da nauyi. Masu ci suna son romon da aka kwana ana dafawa, amma suna ƙyashin biyan fiye da yen 1,000. Da kuɗin alkama da gas suka tashi, ƙananan shaguna da dama sun rufe. In ana so sana'ar ta ɗore, dole mai ci ya yarda ya biya gumin mai dafawa.