Karayar Ƙugu Ga Tsofaffi: Allurar Baya Ko Ta Barci?

Sau da yawa ta waya labarin ke iske ɗa ko jika da ke wurin bida a Abijan ko Libiya: tsohuwa ta zame a makewayi, ƙafa ta ƙi takuwa. Hoton asibiti ya nuna kan ƙashin cinya ya karye daga ƙugu, likita ya ce sai tiyata. A nan dangi kan ja da baya, don tsoron kada a sa ta barci ta ƙi farkawa, wasu su ce a kai ta wurin mai ɗori.

Hanya biyu likitoci suka fi bi. Ko dai allurar barci, wadda ke gusar da hankali gaba ɗaya ana taimaka wa numfashi da na'ura, ko allurar baya, wadda ke kashe jiki daga cibiya zuwa ƙasa, mutum yana farke.

An daɗe ana ganin ta bayan ta fi dacewa da tsofaffi. Sai dai wani bincike mai suna REGAIN da aka wallafa a 2021, kan majinyata 1,600 a Amurka da Kanada, bai ga bambanci ba wajen mutuwa ko iya takawa bayan kwana 60, haka ma ruɗewar hankali. Zaɓin ya danganta da lafiyar zuciya da huhu da magungunan da ake sha. Mai shan maganin tsinka jini, alal misali, dole a faɗa wa likita kafin a taɓa bayansa.

Jinkiri ya fi allurar haɗari. Ana so a yi aikin cikin kwana biyu, domin doguwar kwanciya na jawo gyambon baya da ciwon huhu da daskarewar jini a jijiya.

Kashe zafi kuwa shi ke ba tsoho damar tashi washegarin tiyata. Allurar da ake yi a matsematsi don kashe jijiyar cinya tana rage buƙatar mofin, mai sa maye da taurin ciki. Farasitamol a kan lokaci yana taimakawa. Diklofenak na iya lahanta ƙoda da tumbin tsoho, tramol ɗin bakin titi kuma yana ruɗar da shi har ya sake faɗuwa.

Don haka mai aiko kuɗi ya kamata ya tambaya: yaushe za a yi aikin, kuma yaushe za a tada ta tsaye?