Gam ɗin ɗaure noti da wuta: abin da mai injin jirgi ya kamata ya sani

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, zirga-zirgar fatake tsakanin Yelwan Yauri da Warra a Ngaski da ƙauyukan Shanga ta dogara ƙwarai ga jiragen ruwa masu inji. Injin yana kaɗawa ba hutawa, kuma wannan kaɗawar ce ke kwance noti sannu a hankali. Maganin da masana'antu suka samo shi ne wani gam mai ruwa-ruwa da ake ɗigawa a zaren noti kafin a ɗaure shi.

Wani malamin kimiyya a Amurka, Vernon Krieble, ne ya ƙirƙiro shi a 1953, aka riƙa sayar da shi da sunan Loctite. Ba ya bushewa a cikin kwalba. Sai ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, inda iska ba ta kai wa, sannan ya daskare ya zama tamkar roba mai tauri, cikin kimanin awa 24. Shuɗi yana sakin noti da sifana kaɗai. Ja kuwa ba ya saki sai an gasa shi har zafi ya kai wajen digiri 250 a ma'aunin Celsius.

A nan gizo ke saƙa. Yawancin irin wannan gam an yi shi ne don ya jure zafin da bai wuce digiri 150 ba. Masu gyaran bindigogin farauta a Amurka sun san haka, domin fentin da suke gasawa a tanda yana bukatar zafin da ya kusa wannan iyaka. Shi ya sa masu hattara a cikinsu sukan kwance kowane sukuru kafin gashi, su sa sabon gam bayan ƙarfen ya huce.

Bakanikenmu na bakin tafki yakan yi walda a jikin inji, ko ya hura wuta don ciro notin da ya yi tsatsa. Zafin ba ya tsayawa inda aka nufa, yakan bi ƙarfe ya isa notocin da ke kusa. Gam ɗin da ya ƙone ya zama gari, ko ya huce ba ya komawa yadda yake, alhali notin yana nan zaune kamar babu abin da ya same shi. Sai jirgi ya yi nisa da gaɓa, ɗauke da buhunan shinkafa da fasinjoji, kaɗawar inji ta ƙarasa aikin.

Akwai kuma haɗarin wutar kanta: gangar jikin injin alminiyom ce, wanda ke narkewa a digiri 660 ba tare da ya yi ja ya gargaɗi mai aiki ba. Duk notin da wuta ta kusanta, hanyar da ta dace ita ce a ciro shi, a goge tsohon gam da burushin waya, a wanke maiƙo, a ɗiga sabo, a bar injin ya kwana kafin a mayar da shi ruwa. Kwanan nan ɗaya ne yake yi wa mai jirgi ciwo, musamman idan ya faɗo a jajibirin kasuwa.