Inuwa mai laushi a hoton talla: yatsa da waya sun isa

A shirinmu na wannan mako mun taɓo wata tambaya da matasa masu haɗa wa 'yan kasuwa hotunan talla ke yawan yi: ta yaya zan sa inuwa mai laushi a zane alhali ba ni da allon zane mai alƙalami?

Ga inda matsalar take. Alƙalamin allon yana jin nauyin hannu: ka danna launi ya yi kauri, ka sassauta ya yi sirara. Yatsa a gilashin waya, ko linzamin kwamfuta, ba su san wannan ba. Shi ya sa inuwar ke fitowa dabbare-dabbare. Maganin shi ne a tara launi kaɗan-kaɗan, kamar yadda mai fentin mota ke fesawa sau da yawa daga nesa.

Manhajar ibisPaint X a waya, da GIMP ko Krita a kwamfuta, duk suna da burushin feshi, kuma ana sauke su kyauta. Ɗauki misalin zanen bijimi.

Da farko ka tsayar da inda haske ke fitowa. In daga dama ne, inuwa za ta kwanta a hagun tozo, ƙarƙashin wuya da ƙasan ciki.

Na biyu, kada ka yi feshi a kan zanen kansa. Buɗe sabon falle a samansa, ka maƙala shi da na ƙasa don launi kada ya tsallake jikin bijimin. In abu ya ɓaci, fallen kawai za ka goge.

Na uku, ƙara girman burushi, ka rage kaurin launi zuwa kashi 10 ko 15 cikin 100. Ka riƙa ɗan taɓawa kana ɗagawa, ba jan layi ba. Inda kake son duhu, maimaita.

Na huɗu, guji baƙi wuluk. Ga jan sa, ɗauki ja mai duhu. Ga fari, toka-toka. In gefen inuwar ya yi kaifi, dusashe shi kaɗan.

Sai dai fa a yi hattara, 'yan'uwa. Wannan burushin na iya cike haƙarƙarin ramammiyar saniya ko ɓoye tabon atamfa. Wanda ya ga hoto a WhatsApp ya taso daga Maraɗi zuwa Jibiya, ko daga Illela zuwa Ƙonni, ya kashe kuɗin mota ya tarar da wani abu daban, ba zai sake yarda da kai ba, kuma zai faɗa wa wasu. A ƙawata allon shago da takardar talla, amma hoton dabbar sayarwa a bar shi yadda Allah ya yi ta.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A huta lafiya.