Tantin alfarma: Yadda karnuka suka sauya salon hutun mutanen Birtaniya

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Cornwall ko Wales ko tsaunukan Sikotland a lokacin zafi zai riƙa hango fararen tantuna a gefen gonaki. Daga nesa sai ka ce sansanin 'yan gudun hijira ne. Amma in ka leƙa ciki za ka tarar da gado da katifa mai laushi, da darduma, da murhun itace, wani ma har da banɗaki da bahon ruwan zafi. A bakin ƙofa kuma, sau da yawa, akwai kwanon ruwa da ɗan bargo da aka tanadar wa kare.

Turawa na kiran wannan salon hutu "glamping", kalmar da suka ƙera daga kalmomi biyu masu nufin ƙawa da kwanan daji. Ta fara yawo a Birtaniya wajajen 2005, ta shiga ƙamus ɗin Oxford a 2016. A taƙaice dai kwanan daji ne da aka cire wa wahala: ba kai za ka kafa tanti ba, ba kuma a ƙasa za ka kwana ba.

Sunan ne sabo, abin kuwa tsoho ne. A 1520 Sarki Henry na Takwas na Ingila da Sarki Francis na Ɗaya na Faransa sun yi ganawa kusa da garin Kale cikin tantunan da aka ƙawata da zaren zinare. Sarakunan Daular Usmaniyya ma da fadar tanti suke fita yaƙi. Abin da ya bambanta na yanzu shi ne malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya ma za su iya kama ɗaya na kwana biyu, kuma da yawansu dalilin kama shi bai wuce kare ba.

Kare ya zama ɗan gida

A ƙasar Hausa aikin kare gadi ne da farauta, kuma wurinsa waje. A Birtaniya ba haka ba ne. Karnukan da ke ƙasar sun haura miliyan 10, akasarinsu a cikin ɗaki suke kwana, ana yi musu inshorar lafiya, ana lissafa su cikin iyali. Annobar korona ta ƙara yawansu. A watan Maris na 2021 ƙungiyar masu sarrafa abincin dabbobin gida ta ƙasar ta ce gidaje miliyan 3.2 ne suka ɗauki sabuwar dabba tun bayan ɓarkewar cutar.

Da aka ɗage kulle, masu waɗannan karnuka suka gano cewa tafiya hutu ta zama aiki. Kare da ya tashi yana ganin maigidansa dare da rana ba ya jure kaɗaici. Gidajen ajiyar karnuka na cajin kuɗi a kowane dare, kuma suna cika a watannin Yuli da Agusta. Otal-otal da dama ba sa karɓar dabba, waɗanda ke karɓa kuma sukan hana ta shiga ɗakin cin abinci.

Fita waje ma ta ƙara wuya. Kafin Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, fasfo ɗin dabba guda ya isa a tsallaka da kare zuwa Faransa ko Sifaniya a dawo. Daga 1 ga Janairun 2021 fasfo ɗin da aka bayar a Ingila da Wales da Sikotland ya daina aiki wajen shiga ƙasashen Tarayyar. Aka koma karɓar takardar shaidar lafiya daga likitan dabbobi cikin kwana 10 kafin tafiya, sabuwa a kowace tafiya, kuma kuɗinta kan haura fam 100. Wannan baya ga allurar rigakafin cutar haukan kare, da 'yar na'urar shaida da ake dasawa ƙarƙashin fata, da maganin tsila da dole likita ya ba karen tsakanin kwana ɗaya zuwa biyar kafin a dawo da shi gida. Jirgin ƙasa na Eurostar ba ya ɗaukar dabba sai karen da ke yi wa masu buƙata ta musamman jagora. Jiragen sama masu sauka a Birtaniya kuwa a sashen kaya suke saka ta.

Idan aka haɗa duk wannan, tuƙin awa uku zuwa wata gona inda kare zai yi gudu a fili ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Manomi na neman wata ƙofar

A ɗaya ɓangaren akwai manomin da ke da filin. Bayan ficewa daga Tarayyar Turai, gwamnati ta fara janye tallafin da ake biyan manoman Ingila bisa girman gona, a hankali daga 2021 zuwa 2027. Ga ƙaramin makiyayin tumaki, wannan tallafi ne ke rufe giɓin shekara. Dole ya nemi wata hanyar shigar kuɗi, kuma abin da yake da shi a yalwace shi ne fili da shiru da kyan gani.

Doka ma ta ba shi dama. Tun Yulin 2023 manomi a Ingila zai iya buɗe sansanin wucin gadi na kwana 60 a shekara, mai gurbi har 50, ba tare da neman cikakken izinin gini ba, in dai ya samar da banɗaki da wurin zubar da shara. Mai son kafa abu na dindindin kuwa sai ya bi ta ƙaramar hukuma.

Masaukan iri-iri ne. Akwai tanti mai siffar ƙararrawa, da zagayayyen tantin makiyayan Mongoliya, da ɗakin katako a kan bishiya. Akwai kuma bukkar makiyayi, wani ɗan ɗaki mai ƙafafun ƙarfe da makiyayan Ingila ke ja zuwa daji a ƙarni na 19 domin su kwana kusa da tumaki lokacin haihuwa. Tana da ƙofa mai rufuwa da daɓen katako mai sauƙin sharewa. Abin mamakin shi ne ɗakin da aka ƙera domin tsaron tumaki yanzu shi ke sauke dabbar da makiyayi ya fi tsoro.

Inda gizo ke saƙar

Karen birni da bai taɓa ganin tunkiya ba, da ya hango garke sai ya bi a guje. Maigidansa na ganin wasa ne. Amma ko bai ciji ko ɗaya ba, tunkiya mai ciki kan yi ɓari saboda firgita, wasu su faɗa rafi, 'ya'ya su rabu da iyayensu su mutu da sanyi. Kamfanin inshorar manoma na NFU Mutual ya ƙiyasta cewa darajar dabbobin da karnuka suka kashe ko suka raunata a 2023 ta kai fam miliyan 2.4.

Dokar da ta haramta wannan ta samo asali tun 1953. Sikotland ta tsaurara tata a 2021, inda hukuncin ya kai tarar fam 40,000 ko ɗaurin wata 12. Wata dokar ta 1971 kuma ta ba manomi kariya idan ya harbe karen da ke far wa dabbobinsa alhali babu wata hanyar dakatar da shi. Wato hutun da aka shirya domin kare na iya ƙarewa da gawarsa.

A filayen da doka ta buɗe wa jama'a a Ingila da Wales, dole kare ya kasance ɗaure da igiyar da ba ta wuce mita biyu ba daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, saboda tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa, haka kuma a kowane lokaci in ana kusa da dabbobi. Akwai togaciya guda mai muhimmanci: idan shanu masu 'yan maruƙa suka taso, shawarar hukuma ita ce a saki igiyar. Kare ya fi mutum gudu, kuma shi shanun ke nema. Kusan kowace shekara ana samun wanda shanu suka tattake a ƙasar, galibi yana tare da kare.

Shi kansa karen ba ya tsira daga haɗari. Ciyawa mai tsawo na ɗauke da kaska, wadda ke yaɗa cuta ga kare da mutum. Akwai wata 'yar kububuwa, ita kaɗai ce maciji mai dafi a ƙasar, da kan sari karnuka masu cusa hanci a duhuwa. Tantin zane kuma yakan ɗau zafi da rana kamar motar da aka rufe, shi ya sa yawancin masu masauki ke hana a bar kare shi kaɗai a ciki. Wannan sharaɗi kan ba baƙi mamaki, domin yana nufin duk inda za su, kasuwa ko bakin teku, sai da shi, ga shi kuma wasu gaɓoɓin tekun na hana karnuka shiga daga Mayu zuwa Satumba.

A nan ne tallan ke yaudara. Rubuta "muna maraba da karnuka" a shafin intanet abu ne mai arha. Wani masaukin ya kewaye filinsa da shinge, ya tanadi famfon wanke ƙafa da lambar likitan dabbobi mafi kusa. Wani kuwa iyakacinsa ya ƙara kuɗin shara a kan kowane kare, ya kafa tanti taku kaɗan daga garken tumaki babu ko waya a tsakani. Dukkansu kalma ɗaya suke amfani da ita, kuma baƙo ba zai bambance ba sai ya tambaya kafin ya biya.

Su ma waɗanda ba su da kare suna da tasu tambayar. Mai ciwon asma, ko iyalin da ba sa son kwana ko shimfiɗa sallaya inda kare ya kwanta jiya, ba su da tabbas a tantin da darduma da labulensa ke riƙe gashi. Saboda irin waɗannan baƙi ne wasu masu masaukin ke ware rukunin da dabba ba ta taɓa shiga ba, suna kuma rubuta hakan ɓaro-ɓaro a tallarsu.

Kyanwa kuwa ba kasafai ake zuwa da ita ba. Ta fi shaƙuwa da gida fiye da maigida, kuma zanen tanti ba ya tare ta idan ta firgita cikin dare.